Jinkar da mutum ɗaya ba ya baibaya: gidan Wada na ƙauyen Ogimachi

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙauyen Ogimachi a lokacin hunturu, da wuya ya manta da shi. Gidaje ne na katako masu dogayen jinkaye, kowace jinka ta yi tsini sama, dusar ƙanƙara ta lulluɓe ta fari fat, fitila na haskowa ta ƙananan tagogi. Ƙauyen yana yankin Shirakawa, cikin lardin Gifu a tsakiyar Japan, a wani kwari da kogin Sho ya ratsa tsakanin duwatsu. Babban gidan da ya fi shahara a cikinsa shi ne gidan Wada, wanda gwamnatin Japan ta sa a jerin muhimman kayan tarihinta a 1995, shekarar da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓi Ogimachi da wasu ƙauyuka biyu na yankin Gokayama, wato Ainokura da Suganuma, cikin wuraren tarihi na duniya.

Mai yawon buɗe ido kyau yake gani, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai waɗanda suka gina gidan ba kyau suka sa a gaba ba. Kowane sashe nasa amsa ce ga wata matsala: ƙanƙara, iska, ƙarancin fili, neman abin sawa a baka. Yanzu kuwa yawancin waɗannan matsaloli sun kau, an bar amsoshin a tsaye, doka tana gadinsu. A nan ne maganar take da wuya.

Mu fara da jinkar, don ita ce ta ba salon ginin sunansa. Ana ce masa gassho, kalmar da ke nufin haɗa tafukan hannu biyu kamar yadda mabiya addinin Buda suke yi wajen ibada. Haka ɓangarori biyu na rufin suke haɗuwa a sama, da gangare mai tsanani wanda yakan kai digiri 60. Dalili na farko a fili yake. Wannan kwari yana cikin wuraren da dusar ƙanƙara ta fi sauka a Japan, takan taru ta wuce tsayin mutum, kuma irin mai jiƙa ce, mai nauyi. Rufi shimfiɗaɗɗe ba zai kai bazara ba. Amma kada a ɗauka gangaren yana zubar da ƙanƙarar duka da kansa. Ciyawa tana riƙe ta, har yau mutanen gari sukan hau su sauke. Abin da gangaren ke yi shi ne rage yawan da ke taruwa, da tura nauyin ƙasa ta jikin itatuwan, sannan idan ƙanƙara ta narke ko ruwa ya sauka, ya gangare da sauri kafin ya ratsa ciyawar ya ruɓar da ita.

Akwai kuma alƙiblar da gidajen suka fuskanta. Idan aka hango Ogimachi daga tudun da ke arewacinsa, sai a ga gidajen sun jeru kamar sahu, kusan duka sun miƙe kudu da arewa. Iska tana bin kwarin ne ta wannan hanya, saboda haka gidan yakan ba ta siririn gefensa, ba faffaɗan jikinsa ba. Ɓangarorin jinkar kuma, ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma, kowanne yana samun rabonsa na rana ya bushe. Da ɗaya zai kalli arewa, da ya riga ɗan'uwansa ruɓewa da shekaru.

Abin da ya fi burge ni a ginin ba a ganinsa daga waje. Gidan gida biyu ne da aka ɗora ɗaya kan ɗaya, kuma hannu biyu daban suka yi su. Ƙasan, inda mutane ke zama, aikin ƙwararrun kafintoci ne da ake biya: ginshiƙai da azara da aka sassaƙa, aka huda, aka cusa wannan cikin wancan. Wasu manyan azarun ma a lanƙwashe suke daga tushe, domin itatuwan sun girma ne a gangaren dutse inda nauyin ƙanƙara ya tanƙwara su tun suna ƙanana. Kafinta bai miƙe su ba, ya yi amfani da lanƙwasar, don itacen da ya yi shekaru yana ɗaukar nauyi a haka ya fi miƙaƙƙe juriya. Saman kuwa, wato tsaikon jinkar, aikin mutanen gari ne, manoma, ba kafinta. Babu ƙusa a cikinsa. Da igiyar tattakar shinkafa ake ɗaure shi, da kuma ɗanyen reshen wani itace da suke kira neso, wanda ake murɗawa yana ɗanye, idan ya bushe sai ya ƙara tsukewa.

Manyan sandunan da ke haɗuwa su yi siffar tafukan nan, ba a kafe gindinsu ba. Ana fiƙe ƙarshensu kamar fensir, a ɗora tsinin a wani ɗan gurbi da aka rarake a jikin azara. Shi ke nan. Nauyin jinkar ne ke danne su. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan ganganci ne, a ƙasar da girgizar ƙasa ba ta sallama. Amma hikimar tana nan: idan iska ta bugo ko ƙasa ta motsa, rufin yakan ɗan juya a kan tsininsa, igiyoyi su ba da kai, sannan ya koma mazauninsa. Da an kafe shi ƙam, ƙarfin zai wuce kai tsaye zuwa ginshiƙan ƙasa, wani abu ya karye. Wani masanin gine-gine ɗan Jamus, Bruno Taut, ya zo Shirakawa a 1935, ya ga irin wannan gida na iyalin Toyama a ƙauyen Miboro, ya yaba da yadda tsarinsa yake bisa hankali da lissafi. Yabonsa ya taimaka wajen jawo hankalin mutanen birni ga abin da a lokacin suke ɗauka ginin ƙauyawa ne kawai.

To, me ya sa gida zai yi wannan girma a wurin da mutane ba su da wadata? Ƙanƙara kaɗai ba ta bayyana wannan, don akwai yankuna da yawa a Japan masu ƙanƙara waɗanda ba su yi irin ginin ba. Amsar tana cikin rufin. Kwarin ba shi da shimfiɗaɗɗen fili, shinkafa ba ta isa, mutane sun dogara da ƙananan hatsi dangin gero da suke nomawa a gangaren dutse. Dole a sami sana'ar da za ta kawo kuɗi, wadda za a yi a cikin gida. Sai suka kama kiwon tsutsar siliki. Sararin da ke ƙarƙashin jinkar aka raba shi hawa biyu, uku, wani gidan har huɗu, aka jera faifan tsutsa. Wannan ne ya sa ƙarshen gidan biyu suke a miƙe kamar bango, da tagogi a jere, maimakon jinkar ta sauko ta ko'ina kamar yadda aka saba a gidajen manoman wasu sassan ƙasar. Tsutsar tana son iska da haske, tagogin nata ne.

Ƙarƙashin daɓen gidan ma ma'aikata ce. A zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, mutanen wannan yanki sun shahara da haɗa gishirin da ake yin albarushi da shi. Sukan haƙa rami kusa da murhu, su zuba ƙasa da ciyayi da kashin tsutsar siliki da fitsari, su riƙa juyawa, shekaru suna wucewa, ɗumin murhu yana taimakon abin ya nuna, sannan a tace a dafa. A lokacin Gokayama tana ƙarƙashin masarautar Kaga, wadda ke karɓar wannan kaya, kuma nisan wurin daga idon mutane ya dace da sana'ar. Iyalin Wada, waɗanda suka riƙe sarautar ƙauye kuma suka yi aikin tsaron shingen kan hanya, da cinikin wannan gishiri da siliki suka yi arziki. Girman gidansu daga nan ya fito. Wato idan ka tsaya a tsakar gidan a wancan zamani, a samanka ana kiwon abin da za a yi tufar masu hali, a ƙarƙashin ƙafarka ana dafa abin da za a ɗura wa bindiga, kuma kashin na saman ne ke ciyar da na ƙasan.

Sana'o'in nan suna cin hannu da yawa, fili kuma babu wanda za a yanka wa kowane ɗa ya kafa gidansa. Shi ya sa a wasu sassan Shirakawa, musamman wajen Miboro, aka sami gidajen da mutum gommai ke zaune ƙarƙashin jinka ɗaya. Babban ɗa ne kaɗai ke kawo mata gida. Ƙannensa maza sukan ziyarci matansu a gidajen iyayen matan, 'ya'yan da aka haifa kuma su tashi a gidan uwa, su zama ƙarin hannu a can. Ina ganin ya kamata mai sha'awar waɗannan gidaje ya riƙa tuna wannan. Girman da muke yabawa, wasu sun biya shi da rayuwarsu, sun tsufa ba su taɓa zama masu gida ba.

Abin da ya haɗa hawa-hawan nan duka shi ne hayaƙi. A tsakiyar ɗakin zama akwai murhu a buɗe, a cikin daɓe, wanda suke kira irori, kuma gidan ba shi da bututun fitar da hayaƙi. Daɓen saman da ke bisa murhun da tazara aka jera shi, don hayaƙi da ɗumi su ratsa su hau. A hanyarsa yakan ɗumama tsutsa, ya busar da ciyawa daga ciki, ya kori ƙwari, ya shafe igiya da itace da kunkunniya har su yi baƙi wuluk, su ƙara ƙarfi. Wanda ya hau saman gidan Wada zai ga itatuwan suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Murhun girki ne, amma kuma shi ne maganin gidan. Ranar da aka daina hura shi, ranar gidan ya fara tsufa da sauri.

Duk da haka ciyawa ciyawa ce. Komai kaurinta, kuma a nan takan kusa kai mita ɗaya, sai an sake ta. A da jinka takan yi shekara 30 zuwa 40, wata ma ta wuce. Idan lokaci ya yi, aikin ya fi ƙarfin iyali ɗaya nesa ba kusa ba, kuma ba a iya jan sa, don gida ba zai kwana da yawa a buɗe ba a ƙasar da ruwa ke iya sauka ko yaushe. Sai a yi abin da suke kira yui. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, gayya ce. Mutum ɗari, ɗari biyu, sukan taru, wasu a sama suna ɗauri, wasu a ƙasa suna miƙa damman ciyawa, wasu a cikin rufin suna karɓar doguwar allurar da ake zura igiya da ita su mayar, mata suna girki, a gama ɓangare guda a yini ɗaya. Amma gayyar tasu tana da littafi. Mai gida yakan rubuta wanda ya zo, da aikin da ya yi, da abin da ya kawo, ciyawa ce ko igiya ko abinci. Bashi ne, kuma ana gadonsa. Wanda ya zo ya taya ka bana, wataƙila sai bayan shekara ashirin jinkarsa za ta buƙaci hannu, lokacin ɗanka ne zai je ya biya. A 2001, da aka sake baibayar gidan Nagase, ɗaya daga manyan gidajen ƙauyen, mutum fiye da 500 ne suka taru.

Nan ne na ga ainihin ginshiƙin gidan. Ba a jikin katako yake ba. Gidan gassho ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da maƙwabta waɗanda kowannensu ke da jinka irin tasa da bashi irin nasa. Idan rabin gari suka koma rufin kwano, me zai sa su ɓata yini a kan jinkar wani, alhali su ba za su taɓa neman a biya su ba?

Hakan kuwa ya faru. Gishirin albarushi ya mutu tun ƙarshen ƙarni na 19, da aka fara shigo da mai araha daga ƙasar Chile. Siliki ya ja lokaci, amma zaren roba da sauyin kasuwa suka kashe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sannan aka zo da madatsun ruwa a kogin Sho don samar da lantarki. Babbar cikinsu, ta Miboro, an gama ta a 1961, ta nutsar da ƙauyuka. Matasa suka tafi birni. Gidajen gassho a Shirakawa, waɗanda suka kai wajen 300 a 1924, suka koma 190 a 1961. Wasu aka rushe, wasu aka sayar. Da yake ba ƙusa, kwance gidan da sake ɗaure shi a wani gari ba wuya, sai hikimar ginin ta zama hanyar fitar da shi. Wasu sun zama gidajen abinci a birane, wasu suna wuraren adana kayan tarihi, kamar gidan Yanohara da ke lambun Sankeien a Yokohama. A ƙarshen shekarun 1960 ƙauyen Kazura ya tashi gaba ɗaya, ba wanda ya rage.

Mutanen Ogimachi sun ga inda aka dosa. A 1971 suka kafa ƙungiya, suka ɗaure kansu da alƙawari uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. A lura, wannan ya riga doka. Japan tana da dokar kare kayan tarihi tun 1950, amma sai a 1975 aka gyara ta yadda za a iya kare unguwa ko ƙauye dungurungum maimakon gini ɗaya-ɗaya, kuma a 1976 Ogimachi ya shiga sahun farko. Wannan gyara ya dace da irin gidan. Kare gidan Wada shi kaɗai, a bar gonakin shinkafa da rumbuna da magudanan ruwa da maƙwabtan da ke kewaye da shi, kamar a ajiye kifi ne a zubar da ruwan. Lokacin da UNESCO ta karɓi wurin, an ƙidaya gidajen gassho 59 a Ogimachi, 20 a Ainokura, 9 a Suganuma.

Sai dai kariya tana zuwa da nata tambayoyin, kuma ta farko ita ce: me ake karewa? Ciyawar da ke kan gidan Wada yau ba ita ce ta zamanin Edo ba, igiyoyin ma an sha sakewa. Tunanin adana tarihi da ya taso daga Turai, wanda Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta tsara, ya girma ne a kan ginin dutse, inda ake daraja ainihin kayan da magini na farko ya taɓa. Da wannan ma'auni, gidan da ake sauya masa rufi duk bayan shekara talatin sai a ce kwafi ne. A 1994 aka yi taro a birnin Nara na Japan, aka fitar da takardar da ta ce sahihancin abin tarihi ana auna shi ne bisa al'adar da ta haife shi, har da fasaha da amfani da yadda ake gadon aikin. Shekara ɗaya bayan haka aka karɓi ƙauyukan nan. A 2020 kuma UNESCO ta sa fasahohin gyaran ginin katako na Japan, ciki har da baibaya da yankan ciyawarta, a jerin al'adun da ba a taɓa su da hannu. Duk mai gidan ƙasa da ke yaɓe kafin damina ya san wannan tun kafin a yi taro a kansa.

Tambaya ta biyu ta fi ciwo. Idan sahihancin yana cikin aikin ne, to aikin fa ya sauya. Mutanen da ke zaune a gidajen nan ba gumaka ba ne, suna son ɗumi ba tare da hayaƙi a ido ba, suna son banɗaki na zamani da murhun gas. Da hayaƙi ya ragu, kwanan jinka ya ragu, yanzu takan nemi sauyi a shekara 20 zuwa 30. Filayen ciyawa da kowane gida ke yanka a gangaren dutse an bar yawancinsu sun koma daji, har ana sayo ciyawa daga wasu yankuna, irin su Gotemba a gindin dutsen Fuji. Yawancin baibaya yanzu ƙwararru ne ke yi da kuɗi, miliyoyin yen, kuma hukuma ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Gayyar ba ta mutu ba, ana yin ta lokaci-lokaci, ɗalibai da masu sa kai daga birni suna zuwa. Amma mai sa kai ba ya bin ka bashi, kai ma ba ka bin sa. Ya zo don sha'awa, ya tafi da hoto. Ba na raina wannan, don in ba su ba da wasu jinkayen sun zube. Kawai dai wani abu ne daban da abin da ke cikin tsohon littafin nan.

Alƙawari ukun ma, da ya ceci ƙauyen, yanzu yana matse shi. Idan tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta suna Nagoya ko Tokyo, gidan ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a rushewa. Sai ya zauna a kulle, babu wuta a murhu, babu mai sauke ƙanƙara. Dokar da aka yi don kada baƙo mai kuɗi ya ɗauke gida, ita ce ke hana baƙon da ke son zama ya shigo ya hura wuta. Mutanen garin sun san da haka, har sun tattauna batun sassauta maganar haya.

Ga kuma baƙi. Tun da babbar hanyar mota ta Tokai-Hokuriku ta haɗe a 2008, kwarin da a da ƙanƙara ke rufewa wata da watanni ya zama wurin zuwa a dawo a yini ɗaya. Gundumar Shirakawa duka mutanenta ba su kai dubu biyu ba, amma baƙin da ke zuwa a shekara sun wuce miliyan. Kuɗinsu ne ya maye gurbin siliki, shi ke riƙe matasan da suka rage. Su ne kuma ke leƙa tagar mutane, suke sa a ji sha'awar mayar da gonar shinkafa wurin ajiye mota. A gidan Wada an sami wata matsaya: iyalin suna zaune a wani sashe, an buɗe wani sashen da hawan sama ga masu biya su shiga, kuma ana hura murhu. Hayaƙin da a da ake yi don tsutsa, yanzu rabi don jinka ne, rabi don mai kallo.

Wuta kuwa, wadda ke raya gidan daga ciki, ita ce abin tsoronsa na farko. Ƙauyen busasshiyar ciyawa ne da katako, tartsatsi ɗaya da iska sun isa. An hana shan taba sai a keɓaɓɓun wurare, an hana wasan wuta, mazauna suna zagayen gari bi da bi suna tunatar da juna a kula da murhu. An kuma kafa bindigogin feshin ruwa kusan 60 a tsakanin gidajen, kowace a ɓoye cikin ɗan akwati mai rufi mai tsini, don kada ta ɓata wa ido. Aikinsu shi ne su yi labulen ruwa, kada wutar wannan gida ta tsallaka wancan. A watan Nuwamban 2019 gobara ta kama wasu rumfunan ciyawa kusa da wurin ajiye motoci a tsallaken kogi, aka buɗe ruwan, wutar ba ta kai ga gidajen ba. Sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, ana gwada su duka a tare na 'yan mintuna, ruwa ya tashi sama ya wuce tsinin jinkaye. Ranar ma yanzu ta shiga kalandar masu yawon buɗe ido, sukan cika tudun arewa tun da safe suna jiran a buɗe famfo.